DAGA KAKAKI ZUWA FIYANO: TARIHIN HAƊA TSOHON KIƊA DA SABO



A zamanmu na ƙarshen watan jiya an ɗan ja-in-ja a kan wata magana da muka ɗauka ƙarama ce. Ana tsara taron sada zumunci na bayan Sallah, sai aka zo kan waɗanda za a kira su nishaɗantar da baƙi. Dattawa suka ce a nemo masu algaita da ganga. Matasa suka ce a kira yaran situdiyo masu fiyano. Wani ɗan uwa ya miƙe ya ce me zai hana a haɗa su wuri ɗaya su shirya mana wasa mai labari, a rera shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe. Nan take aka ce masa wannan gurɓata al'ada ne. Aka tashi ba a tsai da magana ba, aka ɗora wa ofishin sakatare nauyin duba tarihi ya kawo wa jama'a abin da ya samu. Ga shi mun kawo.

Mun san a cikinmu akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, kuma muna girmama hakan. Wannan rubutu ba fatawa ba ne, fatawa ta malamai ce. Tarihi kawai muka bi, kuma abin da ya nuna mana shi ne haɗa tsohon kiɗa da sabo ba yau aka fara ba. Abin tsoron yana wani wuri dabam, za mu zo kansa.

KAKAKI MA YA TAƁA ZAMA BAƘO

In aka ce kiɗan gargajiya, abin da ke fara zuwa ran mutumin Gombe shi ne ranar hawan Sallah, Mai Martaba ya fito, kakaki na tashi, algaita na biye, ganguna na amsawa. Ji muke kamar tun ran gini tun ran zane haka abin yake. Amma tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya faɗa ƙarara cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya fara amfani da kakaki da figini da takalmin gashin jimina. Ke nan an yi sarakuna da dama a Kano da ba a taɓa busa musu kakaki ba. Algaita kuwa sunanta ma daga Larabci ya zo, kuma har gobe ana busa 'yar uwarta a Maroko da Aljeriya. Ta hanyar fatauci ta ratso Sahara, kakanninmu suka karɓe ta, suka koya mata Hausa, har ta kai mai busa yana kiran kirarin basarake da ita kowa ya gane.

Da waɗannan baƙin kaya da kuma na gida aka gina kiɗan fada, wanda shi ne kiɗanmu mai tsari da ƙa'ida. Tambari na sarki ne, ba a buga wa kowa. Kakaki haka. Taushi da kotso da jauje kowanne da makaɗansa da ubangidansa. A wajen fada ma kowace sana'a da nata: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba, gangar noma ta manoma. Waƙar fada tana da gindi, tana da ɗiya, akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira mai ƙara wa magana gishiri. Yaro yakan shekara da shekaru yana ɗaukar kaya yana amshi kafin a bar shi ya ja baki. Babu takarda, kunne ne da zuciya. Da wannan makaranta Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙoƙin da har yau ake nazarinsu a jami'o'i, da ita Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina suka tashi.

Jihadin 1804 ma bai shafe wannan tsari ba, gyara shi ya yi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa a kan shagala da kaɗe-kaɗe, amma ya yarda a buga ganga don wata manufa, kamar tara runduna. Masarautun da masu tuta suka kafa sun ci gaba da riƙe tambari da kakaki a matsayin alamar mulki.

Tamu masarautar tana cikinsu. Modibbo Buba Yero ya karɓo tuta, aka kafa Gombe Abba a bakin kogin Gongola. Bayan zuwan Turawa aka mai da hedikwata Nafada a 1913, sannan a 1919 aka dawo da ita nan Doma inda muke zaune yau. Jirgin ƙasa ya iso a 1963, auduga da gyaɗa suka jawo mutane daga Kano da Katsina da Borno da kudu, aka sami jiha ranar 1 ga Oktoba 1996. Fulani da Bolewa da Tera da Hausawa da Barebari da Jukun da Tangale da Waja da Tula, kowa ya zo da gangarsa da sarewarsa. Garin da aka gina haka, da wuya a ce kunnensa bai saba da gauraye ba.

ABIN DA TURAWA KE KIRA OPERA

Wasan da ɗan uwanmu ya kawo shawara, wato labari a kan dandamali wanda 'yan wasa ke rera maganarsu maimakon su faɗe ta, makaɗa na raka su, shi Turawa ke kira opera. Shi ma a fada aka haife shi. Wajen shekarar 1600 wasu masana a birnin Fulorens na Italiya suka yi ƙoƙarin farfaɗo da wasannin tsoffin Girkawa, waɗanda suka yi imani rera su ake yi. Garin neman tsoho sai suka ƙirƙiro sabo. A 1607 Claudio Monteverdi ya shirya wani wasa mai suna Orfeo a fadar masu mulkin Mantua, wanda har yau ake nuna shi. Sai a 1637 aka buɗe gidan farko a birnin Benis inda talaka zai biya kuɗi ya shiga kallo. Kun ga tafiyar ta yi kama da tamu: daga gaban sarki zuwa gaban jama'a.

Bambancin da ke tsakani shi ne su sun rubuta kiɗansu a takarda da alamomi. Shi ya sa matashi a yau zai ɗauko abin da aka tsara shekara 400 da suka wuce, ya kaɗa shi yadda yake, ko ya juya shi ya haɗa da na'urorin lantarki da majigi, tsohon yana nan a ajiye bai ɓata ba. Mu kuwa takardarmu ita ce ƙwaƙwalwar makaɗi. Ranar da ya kwanta dama ba tare da ya koyar ba, an rufe littafin ke nan.

YADDA MAƘWABTANMU SUKA GWADA

A Najeriya Yarabawa ne suka riga kowa. Hubert Ogunde ya fara wasanninsa na waƙa a Legas a 1944. Duro Ladipo ya shirya Oba Koso, labarin Sango sarkin Oyo, da gangunan bata da dundun, ya kai shi Jamus a 1964, ya kai shi bikin ƙasashe renon Ingila a 1965. Fela Sowande ya ɗauko karin waƙoƙin Afirka ta Yamma ya tsara su don kayan tsirkiya na Turawa. Akin Euba kuma a 1970 ya fito da wasan Chaka a Ife, bisa waƙar da Shugaba Senghor na Senegal ya rubuta, ya zaunar da masu gangunan Afirka da masu kayan busa na Turai wuri guda.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Bintou Wéré, wanda aka yi wa laƙabi da operar Sahel. An fara nuna shi a Bamako cikin Fabrairun 2007, daga nan aka kai shi Holan da Faransa a shekarar. Zé Manel Fortes na Gini Bisau ya tsara kiɗan, Koulsy Lamko na Chadi da Wasis Diop na Senegal suka yi aikin labarin, wata gidauniya ta Holan mai sunan Yarima Claus ta ɗauki nauyi. Da kayan gida aka kaɗa shi, irin su kora da balafon. Labarin kuwa na yau ne: wata yarinya mai juna biyu ta bi ayarin matasa ta ratsa Sahara don ta haihu a ƙasar Turai. Duk wanda ya san yadda hanyar Agadas ta ci 'ya'yan mutane ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Tsoffin kayan kiɗa ne suka ɗauki sabon ciwo, kuma suka iya.

NAMU SALON

Mu ma ba mu rasa tushen wasa mai waƙa ba. Tashen azumi shi ne misali mafi kusa. Daga goma ga wata yara kan yi shigar tsoho da gemun auduga, ko ta malami, ko ta miji da mata, su bi gida-gida suna wasa, kuma kusan duk maganar cikin waƙa da amshi take. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda mata ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Ba mu kira su opera ba, amma ƙashin bayan ɗaya ne.

Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yakan zama ƙungiyar wasa. A waƙa ɗaya zai yi muryar miji, ya juya ya yi ta mata, ya dawo ya yi ta mai sulhu. Ku dubi kuma abin da ke hannunsa. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, kuma sau da yawa da gwangwanin kifi ake yin cikinsa a rufe da fata. Gwangwanin kanti ne ya zama kayan gargajiya, ya zaga duniya, babu wanda ya ce an gurɓata al'ada. A Kaduna kuma Bala Miller ya kafa babbar ƙungiya mai jita da kayan busa na Turawa, yana rera Hausa a kansu, har ya yi shiri nasa a talabijin na ƙasa.

Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da faifan garmaho, sannan kaset, su suka fitar da makaɗa daga ƙofar ubangida ɗaya zuwa kunnen kowa. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangun mahauta ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi waƙa, abin da tsohon tsari bai tanada ba. A daidai wannan zamani finafinan Indiya suka cika gidajen silima na Arewa, karinsu ya shiga kunnen yara, har aka sami masu bege a Kano da ke ɗaukar karin waƙar Indiya su ɗora yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna kaɗa mandiri.

Babban juyi ya zo da finafinan bidiyo. An fara da Turmin Danya a Kano a 1990. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 situdiyoyi irin na Iyan-Tama suka kawo fiyanon Yamaha mai ɗauke da muryoyi iri-iri, wasu na kama da sarewa, wasu da goge, wasu da kalangu. Fim ɗin Sangaya, labarin soyayya a gidan sarauta, wanda Ali Nuhu ya fito a ciki, ɗan asalin Balanga ta nan jiharmu ta wajen mahaifi, ya nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da fim. Daga nan fiyano ya zama sarki. Daga baya Aminu Ala da Naziru Ahmad suka mai da waƙar sarauta kanta kan fiyano, har Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na biyu ya naɗa Naziru Sarkin Waƙa a 2018. Fadar da ta karɓi kakaki a zamanin Rumfa ita ce ta karɓi fiyano.

INDA MATSALAR TAKE

To in haka ne, dattawanmu ba su da hujja ke nan? Suna da ita, kuma mai ƙarfi. Lokacin da algaita ta zo, ba ta kori mai ganga ba, gefensa ta tsaya. Fiyano kuwa da ya zo, muryar kalangu ya ɗauka ya sallami mai kalangun. Yaro ɗaya a ɗaki da kwamfuta yana yin aikin mutum goma, kuɗinsa kuma bai kai nasu ba. Mai biki ya duba aljihunsa ya kira DJ. Wannan ba haɗa tsoho da sabo ba ne, hoton tsoho ne aka rataye bayan an fitar da shi daga gida.

Kuma akwai abin da na'ura ba ta iyawa. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiyarsa a hammata, murya ta hau ta sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka, shi ya sa mahauci zai ji takensa daga nesa ya tashi tsaye. Maɓallin fiyano sauti ɗaya aka ɗaure masa. Mai algaita yana shaƙar iska ta hanci yana busawa da kumatu a lokaci guda, sautin ba ya yankewa, kuma wannan sai an shekara ana koyo. Yawancinmu mun san gidan makaɗa a unguwanninmu, ko Jekadafari ko Bolari ko Tudun Wada ko Herwagana, inda uba ya iya, 'ya'ya kuwa sun kama acaba ko kasuwa. Ba za mu zarge su ba, sana'ar da ba ta ciyar da gida ba a gadonta. Haka masu sassaƙa ganga da masu ɗaure ta da masu ƙera kakaki suke raguwa a hankali ba tare da an yi shela ba.

Misali biyu sun ishe mu darasi. A Nijar, Malam Maman Barka malamin makaranta ne kuma makaɗin gurmi. A 2002 ya sami tallafin UNESCO ya tafi bakin tafkin Chadi wajen wani dattijo, Boukar Tar, wanda ake ganin shi ne na ƙarshe da ya iya biram, kayan kiɗan masunta Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya zauna ya koya. Dattijon ya rasu, amma biram bai bi shi ba. Maman Barka ya fitar da faifai a Landan a 2009, ya zaga ƙasashe da shi kafin rasuwarsa a 2018. A Mali kuma Toumani Diabaté, wanda ya gaji kora daga iyaye da kakanni, ya zauna da babbar ƙungiyar makaɗan birnin Landan a 2008 suka yi wasa tare, aka fitar da faifan a 2021. Turawan ne suka bi karinsa, domin ya zo da abin da ba su da shi. Da bai riƙe na gida da kyau ba, da me zai je?

Masana sun yi nasu ƙoƙarin. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin yadda fiyano da karin Indiya suka shigo. A Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan dabar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Amma littafi ba ya busa algaita, takardar shaida kuma ba ta ɗaure ganga.

SHAWARARMU

Bisa wannan tarihi, ofishin sakatare na ganin shawarar ɗan uwanmu ba ta saɓa wa al'ada ba, in an cika sharaɗi uku.

Na farko, mai algaita da mai kalangu su zo da kansu, a gan su a ji su, ba muryarsu a cikin na'ura ba. A biya su daidai da yadda za a biya mai fiyano, a kira sunansu a gaban jama'a.

Na biyu, matasa su fara zuwa gaishe da dattawan su zauna su saurara kafin a shiga situdiyo. Su san wane take ne na wa, wanne ake kaɗawa a ko'ina, wanne ne ba a taɓawa sai da izinin fada. Tambari da kakaki ba kayan wasa ba ne, kada ɗoki ya sa mu yi abin da za mu zo muna ba da haƙuri.

Na uku, labarin ya zama namu, kuma mai tsabta wanda uba zai kalla tare da 'yarsa. Ba mu rasa labarai ba. Akwai ƙaurar hedikwata daga Gombe Abba zuwa Nafada zuwa Doma. Akwai yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a ƙasarmu, Allah Ya jiƙansa. Akwai ranar da jirgin ƙasa ya fara shigowa gari. Akwai labarin yaranmu da ke barin gida neman arziki.

Ko da taron bai amince da wasan ba, akwai aikin da ba ya jiran ƙuri'a. Kowannenmu na da waya a aljihu. Wanda ke da dattijon makaɗi ko mai ɗaurin ganga a unguwarsu, ya je da ladabi ya nemi izini, ya ɗauki kiɗansa da bayaninsa: wa ya koya masa, wane take ne wannan, da wace fata ake rufe wannan ganga. A kawo wa ofishin sakatare mu adana, mu kuma nemi sassan nazarin harsuna da tarihi na jami'o'inmu na Gombe da Kashere su karɓi kwafi. Hausawa sun ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, gaskiya ne. Amma su ne kuma suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Za a sake ɗauko maganar a zama mai zuwa. Muna roƙon kowa ya zo da ra'ayinsa, dattawa su yi haƙuri da yara, yara su saurari dattawa. Wanda ya ga gyara a abin da muka kawo, ƙofa a buɗe take.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa Mai Martaba Sarkin Gombe Alhaji Abubakar Shehu Abubakar na uku lafiya da nisan kwana, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Amin.

Daga ofishin Sakataren Ƙungiya, Gombe.